Tayil Biyu a Ɗaki na Tara

Fatalwar ɗaki na tara uwata ce. A lokacin da ake sayar da tikiti domin a ji motsinta, tana zaune a tsakar gidanmu da ranta da lafiyarta, tana faɗa da ƙanwata a kan sabulu.

Ƙanwar tawa ce ta fara gani a waya. Wata ƙawarta ta turo mata jerin tsofaffin otal-otal da ake cewa akwai fatalwa a cikinsu, irin wuraren da waɗanda cikinsu ya cika suke zuwa su biya a tsorata su. Na huɗu a jerin shi ne tsohon otal ɗin nan na bayan tashar jirgin ƙasa, mai hawa uku da barandar katako. A ƙarƙashin hoton ginin akwai wani tsohon hoto na wata siririyar mace cikin farar rigar masu gyaran ɗaki, ta rungume tawul. An rubuta cewa ta saci zoben wata baƙuwa, asirinta ya tonu, kunya ta sa ta faɗo daga tagar ɗaki na tara ta mutu. Wai har yau, kullum ƙarfe huɗu na yamma, tana ƙwanƙwasa bango sau uku tana neman inda ta ɓoye zoben.

Na karɓi wayar na duba, na ɗaga kai na dubi Inna. Goshin ne, hancin ne, har ɗan tabon da ke haɓarta.

"Me kuka gani kuka yi tsuru-tsuru?" in ji Inna.

Ƙanwata ba ta iya riƙe magana, sai ta karanta mata tun daga farko har ƙarshe. Inna ta saurara, ta ce, "To, Allah ya jiƙaina," ta mayar da hannu cikin ruwan wanki. Ƙanwata ta ƙyalƙyale da dariya. Ni ban yi ba, domin ina kallon hannun Inna, riga ɗaya take ta cuɗawa har kumfar ta mutu.

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya abin ya faru. Inna ta yi shekara goma sha biyu tana gyaran ɗaki a otal ɗin, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunta ba. Rannan matar wani babban ɗan kasuwa ta ce ta ajiye zobenta a bakin kwanon wanke fuska, ta dawo ba ta gan shi ba. Mai otal ya tara ma'aikata a gaban kantar karɓar baƙi, baƙi suna tsaye suna kallo, ya sa Inna ta zazzage jakarta a ƙasa. Ba a ga zobe ba. Ya ce ai ta riga ta miƙa wa wani ta taga, ya kore ta ko mayafinta ba ta gama gyarawa ba. Daga ranar babu otal ko gidan da ya sake ɗaukarta aiki. Babanmu ya riga ya rasu, da wankau ta rene mu, kuma masu kawo kayan sukan ƙirga su a gaban idonta sau biyu suna kallon fuskarta. A makaranta sunana ɗan mai zobe. Na fasa wa yara baki ya fi a ƙirga, sunan bai fita ba.

Sana'ata gyaran famfo ce, kuma a hannun wani dattijo da muke kira Baba Sifana na koya. Sai da na shekara shida a wurinsa sannan wata rana, muna kwance a ƙarƙashin wani kwano muna kwance bututu, ya ce, "Yaro, akwai maganar da ta daɗe tana cin raina." Ashe yana otal ɗin a ranar, an kira shi wani aiki. Duk mai gyaran famfo ya sani, in zobe ya ɓata kusa da kwanon wanke fuska, wurin da ake fara dubawa shi ne gwiwar bututu, wato lanƙwasar nan ta ƙarƙashin kwano da ke riƙe ruwa, abu mai nauyi yakan kwanta a ciki. Ya faɗa wa mai otal haka. Amma a ginin nan an rufe gwiwar da ɗan bango na shuɗin tayil, irin wanda aka kawo ta jirgin ruwa tun ana gina wurin, ba a samun irinsa a kasuwa. Sai an fasa guda biyu hannu zai shiga.

"Ka san abin da ya ce mini?" in ji Baba Sifana. "Cewa ya yi, tayil ɗina za ka fasa saboda mai shara?"

Na je gida ranar ina huci, na ce wa Inna zan shiga otal ɗin da guduma. Ta ce in na taka ƙofar wurin ba ta yafe ba. Na haɗiye. Shekara ashirin na yi ina haɗiyewa, Baba Sifana ya rasu, na yi aure, na yi furfura a gemu. Amma yanzu sun kashe ta, sun buga hotonta, suna ci da shi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ko tambaya ba su yi ba. Tafiyar minti ashirin ce tsakanin otal ɗin da gidanmu, babu wanda ya ga ya dace a leƙa a ga ko matar tana numfashi.

Wannan karon ban nemi izinin kowa ba. Na ji suna neman mai kula da famfunansu, na je. Mai otal ya tsufa, ɓarin jikinsa ya mutu, yana hawa na uku a keken guragu. Ɗansa ne manaja, wani mai ƙamshin turare da ya yi karatu a waje ya dawo ya tarar da otal babu baƙi sai ɓeraye. Shi ya tono labarin mai shara daga bakin ubansa, ya ga bai yi daɗi ba in tana raye, ya jefo ta ta taga. Kasuwa kuwa ta buɗe. Motoci suna sauke mutane da kyamara, ɗaki na tara sai ka yi wata biyu kana jira.

"Ka gyara komai," in ji Manaja ranar da ya ɗauke ni, "amma ɗaki na tara ko sukurun ƙofarsa kada ka taɓa. Shi ne abincinmu."

"Ranka ya daɗe, ni ma tsoron wurin nake ji," na ce masa.

Ya ji daɗin amsar har ya dafa kafaɗata.

Wata huɗu na yi a wurin. A ƙasa sun buɗe ɗan shago inda suke sayar da riguna da kofuna masu fuskar Inna. Akwai ranar da na durƙusa ina gyara famfon shagon, rigunan suna lilo a kaina, wata mata tana tambaya ko akwai ƙarama daidai da 'yarta. Na matse sifana har sai da tafin hannuna ya fashe. Mai zagayawa da baƙi wani dogo ne da ma'aikata suke kira Aku, yana sa baƙar kwat komai zafi, yana rage murya in ya iso ƙofar ɗakin. Kullum labarin ƙara kiɓa yake yi a bakinsa. Yau ta yi kuka kafin ta faɗo, gobe ta tsine wa ginin, jibi an ga zoben yana walƙiya a idonta.

Fatalwar kuwa, a sati na farko na kama ta. Ƙarfe huɗu ake kunna tukunyar ruwan zafi domin wankan yamma. Bututun da ya bi ta bayan bangon ɗaki na tara madaurinsa ya ruɓe, ga iska ta taru a ciki, da ruwan zafi ya taso sai ya yi tsalle ya bugi bango. Aikin minti goma ne, ta cikin ɗakin ajiyar tsintsiya ma ake yin sa. Ban taɓa shi ba, na bar shi ya ci gaba da tara musu jama'a.

Kwanon ne damuwata. Da masu gyaran ɗaki suka shiga wata safiya na bi su da sunan duba fitila. Tayil ɗin suna nan shuɗaye, simintin tsakaninsu ya yi rawaya don tsufa, babu alamar an taɓa su. Na cika kwanon na sake shi. A sauran ɗakuna kafin in ƙirga goma ruwa ya tafi, a nan sai da na kai arba'in, yana tafiya yana ƙugi. Aku yana ce wa baƙi shesshekarta ce. Na zura siririyar waya, na ji ta taɓa wani abu mai tauri. Zai iya zama zobe. Zai iya zama murfin kwalba, ko dunƙulen tsatsa.

Da na so, da na fasa a ranar na huta. Amma in na fasa ni kaɗai, cewa za su yi ɗan ɓarauniya ya dawo da abin da uwarsa ta ɓoye. Tsohon simintin nan shi ne shaidata, dole a fasa shi a gaban idon mutane. In kuma na fasa a gaban mutane aka ga murfin kwalba, na sake zazzage jakar Inna a karo na biyu, da hannuna.

Manaja ya sa ranar bikin cikar ginin shekara ɗari. Ya gayyato 'yan jarida da masu yawo suna ɗaukar irin waɗannan wurare, ya ce za a sauko da tsohon ma ya zauna a ɗakin. Ana saura kwana biyu na sami Inna tana shanya, na faɗa mata inda nake aiki da abin da na shirya. Na ɗauka za ta yi mini faɗa. Sai ta ci gaba da matse zani.

"Inna, ina so ki zo. Amma in na fasa ban same shi ba fa?"

Ta juyo ta dube ni, irin kallon da rabona da shi tun ina yaro.

"Kai ma tambayata kake yi?"

"Wallahi ba haka nake nufi ba."

"Haka kake nufi, kuma ban ga laifinka ba. Shekara talatin da ɗaya kana jin abu ɗaya, ai ko dutse ne ya jiƙa." Ta rataya zanin. "Ban san ko yana ciki ba. Abin da na sani ba ya wurina. Ka sayo mini tikitin, kuma na gaba nake so, kunnena ya yi nauyi."

Na bar wurin kaina a ƙasa. A cikin duk abin da otal ɗin nan ya yi mana, wannan tambayar da ya sa a bakina ita ce ba zan yafe ba.

Ranar biki da hantsi na shiga ɗakin ajiyar tsintsiya, na fitar da iskar bututun, na sa masa sabon madauri na matse. Na ajiye guduma da bokiti a bayan ƙofa, na koma ƙasa na zauna kusa da tukunya kamar mutumin kirki.

Abin da ya faru a sama kafin a kira ni, ƙanwata ce ta ba ni labari, ita ta rako Inna. Mutum kusan talatin a ɗakin, wasu a baranda. An turo tsohon an ajiye shi kusa da taga da bargo a gwiwarsa. Inna tana gaba, ta sa tabaraunta, ta riƙe jakarta a ƙirji. A bango sama da gado ga ƙaton hotonta, babu wanda ya haɗa tsohuwar da yarinyar. Aku ya zuba labari har da share hawaye. Da ya ce ta haɗa kai da wani saurayinta, Inna ta ce, "Ikon Allah," wata baƙuwa ta ce mata ta yi shiru.

Saura minti ɗaya Aku ya ɗaga yatsa, kowa ya ɗauke numfashi, kyamarori suka juya bango. Ni a ƙasa na kunna tukunya daidai kan lokaci. Huɗu ta yi. Huɗu da minti biyar ta yi. Wani ya yi tari. Aku ya ce wani lokaci takan ji kunyar taro. Huɗu da kwata wani ɗan jarida ya tambaya ko fatalwar ta tafi hutu ne, aka yi dariya. A nan ne Manaja ya sauko da gudu, gumi ya jiƙa masa kwala.

"Me ka taɓa?" ya ce da ni a hankali, yana cizon haƙora.

"Mu je in duba, ranka ya daɗe."

Ya ɗauka ɗakin tsintsiya zan shiga. Na miƙa hannu bayan ƙofarsa na ɗauki gudumata da bokiti, na ratsa mutane na shige ɗaki na tara, na durƙusa gaban kwanon. Na ɗaga murya yadda na baranda za su ji.

"Jama'a, ni ne mai gyaran famfon gidan nan. Bugun da kuka zo ji bututu ne, na ɗaure shi da safe. Kafin in yi abin da ya kawo ni, ina roƙon masu kyamara su matso su ɗauki simintin nan. Ku duba da kyau, sabo ne ko tsoho?"

Suka matso kuwa, har suna ture juna. Wani ya kankara da farce ya ce wannan ya girme shi. Manaja ya kama hannuna, na fizge. Sai ga muryar tsohon daga bakin taga, a karkace amma kowa ya ji.

"Kada ka fasa mini tayil!"

Na daɗe ina tunanin abin da zan ji in na tsaya gaban mutumin nan. Da ya faɗi haka sai na ji wani sanyi a raina, na gode masa a zuci da bai canja ba. Na ɗaga guduma na sauke. Tayil na farko ya tsage gida uku. Na biyu sai da na ƙara masa.

Gwiwar ta tagulla ce, ta yi kore. Na tura bokiti, na kama ta da sifana, ta ƙi. Ina jin idon Inna a bayana. Na sa ƙarfi, ta yi ƙara ta saki. Baƙin ruwa mai wari ya zubo, mutane suka toshe hanci. Na juye gwiwar na bubbuga a bokiti. Gashi ya faɗo, da wani dunƙulen baƙin abu kamar ƙwallon dabino. Na miƙa wa ɗan jaridar nan mai tsokana, na ce shi ya wanke da hannunsa, kada a ce na yi dabo. Ya kai shi famfon wanka ya murza da babban yatsa. Sai ya ɗaga shi sama. Zinare ne, da koren dutse.

Inna ta tako a hankali ta miƙa hannu, ya sa mata a tafi. Ta kai shi kusa da tabarau ta jujjuya.

"Ashe kore ne," ta ce. "Ban taɓa ganinsa ba."

"Baiwar Allah, ke wace ce?" in ji ɗan jaridar.

Ta nuna hoton bango da haɓa. "Ni ce na faɗo ta taga."

Wata mata ta saki ƙara ta yi baya. Aku ya dubi hoton, ya dubi tabon haɓar Inna, ya zame ya zauna a bakin gado. Manaja ya fara cewa ai wannan abin farin ciki ne, otal zai karrama ta, za a gyara labarin. Inna ko kallonsa ba ta yi ba. Ta wuce ta tsaya gaban keken tsohon.

"Ranka ya daɗe, ka tuna abin da ya zubo daga jakata?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Ni na tuna. Mataji ne, da rabin burodi, da takalmin makarantar yaron can da zan kai ɗinki. Kai ka taka burodin." Ta buɗe mataccen hannunsa ta sa zoben a ciki ta rufe yatsun. "Ga kayanka. Ka nemo mai shi ka ba ta haƙuri, ni ba na so."

Ta sa ƙanwata ta hau gado ta sauko da hoton. Har ta kai bakin ƙofa sai ta tsaya, ta juyo ga baƙin.

"Kun biya kuɗinku, bai kamata ku tafi haka ba."

Ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa ƙofar sau uku, a natse, da ɗan jinkiri kafin na ukun.

"Haka ka koya mana, ko?" ta ce da tsohon. "Sau uku, sannan a jira a ba ka izini. To ka ji shi yau. Gobe ma war haka za ka ji."

Na tattara kayana na bi bayanta. Ko takardar sallama ban tsaya karɓa ba.

Kafin sati ya zagayo hoton Inna da zobe a tafinta ya shiga kowace waya. Waɗanda suka kama ɗaki na tara suka janye, an cire otal ɗin daga jerin, rigunan shago masu shara suna goge ƙasa da su. Matan da suka riƙa ƙirga mata kaya suka yi ta zuwa gaisuwa, kowace tana cewa ita da ma ba ta taɓa yarda ba. Inna takan ba su tabarma ta bar su da ƙanwata.

Bayan wata biyu wata mai gyaran ɗaki ta tare ni a hanya. Ta ce tsohon ya hana kowa sakat. Kullum huɗu saura sai ya sa a juya kekensa ya fuskanci ƙofa, huɗu tana yi ya ce ga shi nan, ana bugawa, a je a buɗe. A buɗe ba kowa. An kawo masu gyaran famfo uku sun duba ba su ga komai ba, an sauya masa ɗaki bai daina ji ba. Ta ce Manaja ne ya aiko ta, wai don Allah in zo in duba bututun, ko nawa nake so.

Na ce ta gaya masa aiki ya yi mini yawa. Da na faɗa wa Inna, ta tambaye ni ko na tabbata na matse madaurin nan da kyau. Na ce da hannuna na ɗaure shi, ko shekara hamsin zai yi bai motsa ba. Ta ce madalla, ta miƙo mini kofinta in ƙara mata shayi.